Injin da Usta Subhi Ya Ɗora wa Jirgin Wadi

Duk wanda ya zauna a Mahalla ta ƙasar Masar a shekarun da masaƙa ke busa jiniya sau uku a yini ya san Usta Subhi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ake hangowa kowace safiyar Juma'a a tsakiyar filin ƙwallon da ke bayan gidajen ma'aikata, hannu ɗaya a miƙe, yana juyawa a wuri ɗaya, wani ɗan jirgin sama mai faɗin kamu biyu yana kewaya shi yana kuka kamar an taɓa gidan rina.

Sana'arsa fiƙe ƙarfe ce. Shekara talatin da huɗu ya yi a ɗakin gyaran injuna na masaƙa. Idan wani abu ya karye a injin saƙa, aka rasa irinsa a Masar kaf, sai a kawo wa Subhi gutsuren, ya juya shi a tafin hannu, ya ce a dawo bayan azahar. A dawo kuwa a tarar da sabo. Shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a, kuma shi ya sa, in za a faɗi gaskiya, bai saba a ce masa ya yi kuskure ba. Mutum ne mai kirki, ba ya iya cin gurasa wani na kallo, amma in aka zo maganar inji, to kunnuwansa sun toshe ke nan.

Jirgin nasu ba irin wanda ake sarrafawa daga nesa ba ne. Wayoyi biyu ne sirara na ƙarfe, tsawon taku ashirin, suka fito daga fiffiken hagu zuwa wani mariƙi a hannun matuƙi. Ka ɗaga wuyan hannu, jirgi ya yi sama, ka sauke, ya yi ƙasa. Iyakarta ke nan. Babu birki, babu totur. Da zarar inji ya tashi aka saki, sai mai ya ƙare zai yi shiru, kai kuwa kana tsakiya kana bin sa da juyi, kana so ko ba ka so. Wasa ne kuma da mutum ɗaya ba ya iya yi. Dole wani ya tsuguna can bakin da'ira ya tada injin, ya riƙe jirgin ta wutsiya har matuƙi ya ɗaga hannu, sannan ya saki.

Mai sakin nan, fiye da shekara ashirin, Wadi Girgis ne, ɗan gajere mai tabarau, mai haɗa magani a wani kemis kusa da tashar jirgin ƙasa. Ba likita ba ne, amma unguwa duk Dakta take ce masa, shi ma ya gaji da gyara musu.

Mai ne ya haɗa su. Injunan da ake samu a lokacin ƙananan dizal ne na Rasha, kamar babban yatsa biyu a haɗe, ba su da fulogi, matsi kawai ke kunna su. Ba sa shan komai sai haɗin kananzir da man zurma da eta, ruwan nan mai hawa kai da ake shaƙa wa marar lafiya kafin a yi masa aiki. Eta kuwa sai a kemis. Wata rana a shekarar alif ɗari tara da hamsin da tara Subhi ya shiga neman kwalba ɗaya, Wadi ya dube shi ta saman tabarau.

“Wa za ka yanka, Usta?”

“Jirgin sama zan shayar.”

“To ni ban taɓa ganin jirgi mai ciwon ciki ba. Sai na ga marar lafiyar da idona zan ba ka.”

Ya je ya gani. Bai sake fashin Juma'a ba.

Ashe Allah ya yi masa baiwar kunne. Injin dizal ɗin nan yana da wani ɗan ƙarfe a ka da ake murɗawa a matse shi ko a sassauta, da wata allura ta mai a gefe, kuma tsakanin su biyun akwai wani wuri guda ɗaya tak da yake yarda ya yi waƙa. Wurin nan yana canjawa da zafin rana, da raɓa, da tsufan mai. Subhi, da duk ƙwarewarsa, yakan buga farfela har yatsansa ya kumbura. Wadi kuwa sai ya zura yatsa cikin guntun tiyo don kada farfela ta yanke shi, ya buga sau biyu, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa, ya murɗa kaɗan, shi ke nan inji ya ɗauka. Shi ke haɗa man ma, da kofin awo na kemis, kuma bai taɓa yarda Subhi ya ga gwargwadon ba.

In an gama sai su koma rumfar Ammu Shafik mai shayi a bakin filin, su ci wake da gurasa mai zafi. Daga nan Subhi ya wuce masallaci, Wadi kuwa, da yake Kirista ne, ya wuce da kaya gida. A rumfar nan ne Subhi ke yi masa burgar da ya saba.

“Kai daga waje kake kallo, Dakta, shi ya sa kake ganin yana gudu. Daga tsakiya jirgin ba ya tafiya. Tsaye yake cak a ƙarshen hannunka, kana ganin kowane layi na fentinsa. Gidaje ne ke gudu a bayansa, da itatuwa, da Ammu Shafik da butarsa.”

“Ni ban taɓa gudu ba tun da aka sallame ni daga soja,” in ji Ammu Shafik.

Wadi ba ya dariya a nan. Sai ya ce, “Tsaye cak, ka ce?” Ya ji maganar ta fi sau ɗari, amma kullum sai ya sake tambaya.

Za ku ce me ya hana shi shiga tsakiyar ya gani da kansa. To, a wurin masu wasan nan ba a koyon tuƙi da jirgin wani. Katakon balsa marar nauyi da ake yin jirgin da shi wuyar samu gare shi, kuma kowane sabon hannu sai ya yi ɓarna, saboda haka wanda zai karya, ya karya nasa. Wadi ga 'ya'ya huɗu, ga kemis tun safe har yamma. Kowace Juma'a kuma Subhi na da wani sabon abu da yake son gwadawa. Haka shekaru suka yi ta wucewa, ba wanda ya ƙi, ba wanda ya hana.

Ana nan sai ciwon suga da Wadi ya daɗe yana lallaɓawa ya hau masa ido. Ya je Tanta wurin likitan ido ya dawo. Ranar Juma'a, yana goge mai a fiffike da tsumma, bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Mutumin Tanta ya ce in akwai abin da nake son kallo, in fara tun yanzu.”

Wadi ya ci gaba da goga.

“Zan yi nawa jirgin. Ka ba ni tsohon biyu-da-rabin nan da ka jefa a akwati.”

Biyu-da-rabi sunan da suke kiran ƙaramin injin ne, saboda lambar girmansa. Wannan kuwa shi ne na farko da suka fara da shi, ya sha aiki har ƙarfinsa ya ragu.

“Wannan ai ya gaji, Dakta.”

“Shi ya sa. Ni da shi za mu fahimci juna.”

Wata goma sha huɗu ya yi yana aikin a kan teburin cin abinci, da reza da gam da gilashin ƙara girma. Matarsa Afifa, wadda ake kira Umm Milad, ta yi mita har ta gaji, domin iyali sun koma cin abinci a tire a ƙasa. Amma da aka zo lulluɓe fukafukai, ita ce ta buɗe akwati ta fito da mayafinta na siliki shuɗi mai haske, wanda ta sa ranar baikonsu, ta ajiye masa a tebur. Jirgin ya fito da faɗin fiffike, mai nauyin tafiya, an yi shi ne don ya yi yawo a hankali kamar dattijo bayan cin abinci. A gefen hagu, gefen da ke kallon matuƙi, Wadi ya ja jan layi, ya rubuta sunan Afifa da ƙananan haruffa. Wanda ke tsakiya kaɗai zai iya karantawa.

Saura mako uku a gama, Subhi ya bi motar Bur Sa'id, garin bakin teku inda kayan waje ke da araha, kamar yadda kowa ke yi a lokacin, don sayo wa 'yarsa Nadiya kayan ɗaki. A kan tabarmar wani ma'aikacin jirgin ruwa, tsakanin agogo da sabulu, ya hango inji a cikin kwalinsa. Mai lamba shida ne, ya ninka nasu fiye da biyu, yana ƙyalli kamar cokalin amarya, ga ɗan fulogi a ka. Subhi ya ɗauka ya juya shi, ya ji yadda fistin ke shiga da fita ba ko gargada, sai zuciyarsa ta tafi. Ya dawo gida kayan Nadiya ba su cika ba.

To ga inji, ina jirgi? Nasa duk masu siririn hanci ne, an yi su ne don ƙananan injuna. Jirgi ɗaya ne a Mahalla mai faɗin da zai ɗauki wannan, kuma yana kan teburin Umm Milad. Tun a mota Subhi ya fara gaya wa kansa cewa kyauta ce zai yi wa amininsa. Kafin su iso gari ya gama yarda da maganar.

Ya ajiye kwalin a gaban Wadi. Wadi ya kusanto da shi dab da hanci ya duba.

“Wannan kuma fa?”

“Naka ne. Shekara goma sha tara kana shaƙar hayaƙina, ba zan bar ka ka tashi da tsohon da ke tari ba.”

“Tarinsa na sani, Usta. Me wannan yake sha?”

“Sifirit da man zurma. Babu eta, babu murɗe-murɗe. Ka sa masa batir, ka buga sau ɗaya.”

“Wato ni ma an sallame ni daga aiki ke nan.” Da dariya ya faɗa, amma ya mayar da injin kwali ya rufe. “Jirgin nan don biyu-da-rabi na yi shi. Wayoyinmu ma taku ashirin ne. Wannan zai riƙa zagayowa kafin in ɗaga ƙafa.”

“Ka saurare ni. In iska ta taso, tsohonka ba shi da ƙarfin da zai riƙe waya. Waya ta saki, jirgi ya faɗo maka a ka. Wannan kuwa zai ja ta tam. Sabon hannu ƙarfi yake buƙata. Zan sa masa dalma a wutsiya ya daidaita.”

Maganar tana da ƙanshin gaskiya, abin da ya sa ta fi haɗari ke nan. Afifa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

“Abu Nadiya, mutumin nan fa ko lilo ba ya hawa. Ranar da muka kai yara wurin lilo a bikin gari, kallo kawai ya yi ya nemi wurin zama.”

“Umm Milad, ki bar mana wannan.” Ya juya ga Wadi. “Dakta, na taɓa zuwa kemis na ce maka ga yadda ake haɗa maganin tari?”

Wadi ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Tun da suka haɗu bai taɓa yi wa Subhi gardama a kan ƙarfe ba, kuma bai san ta inda ake farawa ba.

“Kai ne Usta,” ya ce.

Subhi ya ɗauki jirgin zuwa gidansa, ya faɗaɗa hancin, ya ɗaura injin. Aiki ya yi kyau, wannan ba a cewa komai.

Ranar da za a tashi, wata Juma'a ce a ƙarshen sanyi, babu iska ko ta kaɗa ganye. Afifa ta zo filin karo na farko a rayuwarta, da kwandon gurasa mai mai da zuma, ta tsaya kusa da rumfar shayi tare da 'yan kallo. Wadi ya fito da sirinji daga aljihu, ya ce man minti ɗaya zai zuba, ya isa.

“Wannan ba tsohonka ba ne,” in ji Subhi. “Na minti ɗaya tun yana ƙasa zai shanye.” Ya cika tankin fal.

Akwai wata al'ada da kowa ya sani. Sabon matuƙi ba ya tsayawa shi kaɗai. Gwani yakan tsaya a bayansa, hannu a kan hannu, su juya tare har ya saba. Wadi ya tuna masa.

“Ka tada shi, Ammu Shafik ya riƙe wutsiya, kai ka zo mu tsaya.”

Subhi ya dubi injinsa, ya dubi mai shayi. Yana so ya daidaita allurar da hannunsa har zuwa daƙiƙar ƙarshe.

“Hannun wanke kofi? Ya sa yatsa a farfelar nan sai dai a tsinto shi a Tanta.”

“Yatsuna goma cif, Usta,” in ji Ammu Shafik. “Ƙirga naka.”

Aka yi dariya, domin kowa ya san injin masaƙa ya taɓa cin kan ɗan yatsan Subhi.

“Jeka tsakiya, Dakta. Ina saki zan rugo in same ka.”

Wadi ya tafi, ya ɗauki mariƙin, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu. Injin ya tashi a bugu ɗaya. Subhi ya saki.

Jirgin bai yi gudu a ƙasa ba, tsalle ya yi. Da ya samu iska sai muryar injin ta sake, ta hau, ta zama wani siririn sauti mai tsabta wanda Subhi bai taɓa jin irinsa ba. Yana durƙushe a inda yake, sai ya rufe ido yana sauraro. Daga baya ya sha auna lokacin nan a ransa. Bai fi numfashi goma ba. Amma ya sha aunawa.

Da ya buɗe ido ya ga abin da ke faruwa. Zagayen da ya kamata ya ɗauki daƙiƙa shida ko bakwai yana cika a uku. Wadi ya kama mariƙin da hannu biyu, ƙafafunsa na harɗewa, tabaransa sun tashi. Ba jirgin yake kallo ba, ƙasa yake nema. Jirgin kuwa yana hawa yana sauka yadda hannun ya ga dama, wayoyin na share fili wani lokaci a tsayin kai, wani lokaci a tsayin gwiwa. Subhi ya yunƙura zai shiga, waya ta taho, ya kwanta. Ya sake tashi, ya yi taku biyar, ya sake kwantawa. Ana jin muryar Afifa tana kiran sunan mijinta.

Da Wadi ya saki mariƙin da ya huta. Amma ya san jirgin da aka saki inda yake nufa, kuma mutane suna tsaye a bakin rumfa, har da matarsa. Bai saki ba. Ya yi ta juyawa har juwa ta kayar da shi a kan gwiwa, hannunsa ya yi ƙasa, jirgin ya bi hannun. Aka ji ƙara ɗaya, sai shiru. Duka-duka ba a cika minti ba. Man da ya rage a tanki ya malale a ƙasa yana wari.

Subhi ya ruga. Abin da ya fi ci masa rai har ya bar duniya shi ne, bai san lokacin da ƙafafunsa suka zaɓi hanya ba. Ya dai tsinci kansa a tsugune a kan tarkacen, ya zaro injin daga cikin ƙasa, yana juya shi ya ji ko ƙarfen farfela ya lanƙwashe. Da ya ɗaga kai, Afifa tana tsakiyar fili ta tallafe kan mijinta yana amai, idonta kuwa a kan Subhi.

Ya ƙarasa wurinsu. Wadi ya goge baki, yana lalube a ƙasa yana neman tabarau.

“Ya jirgin?”

“Injin bai yi komai ba,” in ji Subhi. Maganar ta riga ta fita kafin ya kama ta.

“To, mun gode Allah,” Wadi ya ce.

Suka kwashe gutsattsarin a cikin kwandon gurasa. Shuɗin silikin ya kekkece, ya sha mai da ƙasa. A rumfa Ammu Shafik ya kawo shayi ba tare da wasan da ya saba ba. Can Subhi ya daure ya tambaya.

“Ka gani kuwa? Ko sau ɗaya?”

“Na ga takalmana, Usta. Suna son a kai su wurin mai gogewa.”

Juma'ar da ta biyo Wadi ya zo da kwalbar mai kamar kullum, ya tada inji, ya riƙe wutsiya, ya saki. Bai taɓa tada maganar ba, ko da wasa. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Afifa ma haka. In Subhi ya je gidan takan kawo shayi ta ajiye, ta ce, “Bismilla, Usta,” ta koma ciki. A da Abu Nadiya take ce masa, ta ja kujera a yi hira da ita.

Subhi ya karɓi tarkacen ya rantse wata ɗaya zai mayar da jirgin yadda yake. Sai balsa ta yi wuya. Da aka samu, sai siliki, domin ba shi da fuskar da zai tambayi Afifa, kuma duk shuɗin da ya gani a kasuwa bai yi masa daidai ba. Ya yi fiffike ɗaya bai gamsu ba, ya ɓalle. Gaskiyar magana, duk ranar da ya buɗe akwatin sai ya ga jan layin nan da rabin suna, sai ya tuna yana da wani aiki. Mutumin da ke cewa a dawo bayan azahar, shekara uku da wata biyar ya yi a kan jirgi ɗaya. A tsakanin nan Wadi ya bar kemis, domin ya daina ganin rubutun kwalabe. Daga baya ya daina gane fuska sai murya.

Ranar da aka gama, Afifa ce ta riƙo hannunsa zuwa filin. Subhi ya ɗaura tsohon biyu-da-rabi a hancin, ya miƙa masa jirgin. Wadi ya bi shi da yatsu tun daga wutsiya har ya iso kan injin, ya tsaya.

“A'a, tsoho. Kana nan ashe.”

Ya zuba mai da sirinjinsa, yana auna shi da wata tsaga da ya yi da reza inda babban yatsa zai ji. Ya zura yatsa a guntun tiyo, ya buga sau uku, ya karkata kai, ya murɗa. Injin ya yi tari, ya ɗauka. Ammu Shafik ya tsuguna ya riƙe wutsiya, ya dubi Subhi ya ɗaga masa yatsu biyar na hannun da ba ya riƙe da komai. Subhi ya ja Wadi zuwa tsakiya, ya tsaya a bayansa, ya ɗora hannu a kan nasa. Aka saki.

Jirgin ya yi gudu a ƙasa kamar taku goma, ya ɗaga a hankali. Suka fara juyawa, taku ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Wayoyin sun miƙe sarai, babu abin da ya saki. Ko yaro zai iya bin wannan tafiyar.

“Ya tsaya?” Wadi ya tambaya.

“Ya tsaya cak.”

“Ana karanta rubutun?”

“Ana karantawa.”

“Me ke gudu a baya?”

Subhi ya fara lissafa masa. Gidajen ma'aikata. Bututun hayaƙin masaƙa. Ragar gola. Rumfar shayi. Umm Milad, ta sa hannu ta kare rana. Gidajen ma'aikata kuma. A nan ya tsaya.

“Ci gaba mana,” in ji Wadi. “Haka kake gaya mini tun hamsin da tara. Yau ma dai sai in yarda da kai.”

Minti biyu suka cika, injin ya yi shiru, jirgin ya sauko yana shawagi ya taɓa ƙasa kamar an ajiye shi da hannu. Wadi bai saki mariƙin ba.

“Yana ja kamar ƙaramin kifi a ƙugiya. Wannan ba ka taɓa faɗa mini ba.”

“Dakta, ranar nan da na kawo injin Bur Sa'id…”

“Naɗe wayoyin, Usta, kada wani ya taka.”

Wadi ya rasu bayan shekara biyu, a cikin sanyi. Subhi ya ɗan ci gaba da zuwa filin, Ammu Shafik na sakar masa, amma bai taɓa samun haɗin man daidai ba, injuna suka riƙa yi masa gardama, har ya daina. Daga baya ma aka gina makaranta a wurin. Injin mai lamba shida yana nan a aljihun teburinsa cikin gwangwani, a naɗe da tsumma mai mai. Bai sayar ba, bai kyautar ba, bai sake tada shi ba. Masu sha'awar wasan sukan zo har daga Tanta da Mansura su tambaye shi wane inji ya dace da jirginsu. Sai su yi mamaki, domin ba ya fara duba jirgin. Yakan tambayi wa zai tsaya a tsakiya, shekararsa nawa, ya taɓa hawa lilo, wa kuma zai tsaya a bayansa.

Jirgin shuɗin yana rataye a falon Afifa. Kowace shekara ranar Kirsimetinsu, wadda Kiristocin Masar ke yi a watan Janairu, Subhi yakan je gaisuwa da kwandon lemu. Sai ta kawo kujera ya hau ya sauke shi, domin shi kaɗai ya san inda ake kamawa siliki bai huje ba. Ya kakkaɓe ƙura, ya ɗiga wa tsohon injin mai, ya mayar ya rataye, gefen rubutun yana fuskantar kujerar da Wadi ke zama. In ya ɗan karkace takan ce a gyara. Sannan ta kawo shayi ta ajiye a gabansa.

“Bismilla, Usta,” ta ce, ta koma ciki.